Ƙwayoyin da ke Tsawata wa Garkuwar Jiki: Tambayoyi da Amsoshi kan Treg da FOXP3

Tun da aka sanar da kyautar Nobel ta fannin likitanci a ranar 6 ga Oktoba 2025, wadda aka raba tsakanin Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka da Shimon Sakaguchi na Japan saboda gano yadda ake hana garkuwar jiki far wa jikin mai ita, tambayoyi kan wannan fanni suka yawaita a tsakanin ɗaliban likitanci, aikin jinya da gwaje-gwajen asibiti a Birnin Kebbi, Jega da Aliero. Wasu tambayoyin kuma daga iyaye suka fito, masu jinyar ɗa ko 'ya da aka ce garkuwar jikinsa ce ta juya masa. Waɗanda suka fi maimaituwa ne aka tattara a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

1. Mece ce ƙwayar Treg, kuma me ya bambanta ta da sauran sojojin jiki?

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai dangin da ake kira ƙwayoyin T. Wasunsu suna ɗauke da alamar CD8, aikinsu kashe ƙwayar jikin da cuta ta shiga. Wasu kuma suna ɗauke da alamar CD4, su ne masu ba da umarni: su zuga wannan, su kira wancan. A cikin masu CD4 ɗin akwai wani ɗan rukuni, kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, wanda aikinsa ya saɓa da na 'yan uwansa. Su ba sa zuga kowa. Tsawatarwa suke yi, su hana sauran sojojin taɓa naman jikin mai su, su kuma kwantar da faɗa idan an gama da cuta. Su ne ake taƙaita sunansu da Treg.

2. In dai garkuwa kariya ce, me ya sa jiki zai tanadi masu rage mata ƙarfi?

Domin makaman garkuwa ba su san nasu ba. Kowace ƙwayar T tana da wani maƙalli a bayanta da take gane abokin gaba da shi, kuma jiki yana ƙera waɗannan maƙallai ne ta hanyar haɗa gutsattsarin gado barkatai, don a samu nau'i masu ɗimbin yawa da za su iya gane kowace irin cuta. Abin da aka ƙera barkatai kuwa dole a samu wanda zai dace da naman jikin mutum kansa. Ana tace irin waɗannan a wata gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos, a kashe da yawansu, amma tacewar ba ta kama duka. Kowane lafiyayye yana yawo da ƙwayoyin T da za su iya far wa jikinsa. Treg ne ke riƙe da su.

Idan riƙon ya yi sako-sako, sai a ga ciwon suga nau'i na 1, inda ake ragargaza ƙwayoyin da ke yin insulin, ko lufus mai taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda, ko amosanin gaɓoɓi mai kumbura yatsu, ko kumburin hanji mai naci. Ban da wannan, jiki yana hulɗa kullum da abubuwan da ba nasa ba kuma ba abokan gaba ba: tuwon da muka ci, ƙurar hunturu, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a hanji, har da ɗan tayin da rabin gadonsa na uba ne. Da garkuwa za ta yaƙi duk waɗannan, da ba wanda zai kai labari.

3. Mene ne makunnin gado?

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka tana ɗauke da DNA iri ɗaya, mai ƙwayoyin gado kimanin dubu 20 da ke ba da bayanin ƙera furotin. Ƙwayar hanta da ta ido da Treg duk gadonsu ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne waɗanne ƙwayoyin gado ne a kunne, waɗanne ne a kashe. Makunnan gado furotin ne da ke shiga cibiyar ƙwayar halitta, su zauna a kan wasu keɓaɓɓun wurare na DNA, su sa a kwafi bayanin wannan gado ko su hana a kwafa.

Wanda ya taɓa ganin noman rani a fadamar Argungu zai gane abin da sauri. Ruwa ɗaya ne ke tafiya a magudana, fangaloli suna jere, amma mai ban-ruwa ne ke fasa bakin wannan fangali ya toshe na wancan, kuma abin da ya buɗe shi ne zai yi kore. Bambancin kawai, a cikin ƙwayar halitta masu ban-ruwan suna da yawa, kuma sau da yawa sai biyu ko uku sun haɗa hannu kafin baki ɗaya ya buɗe. Wannan haɗa hannu shi ne jigon tambaya ta 7.

4. Me FOXP3 yake yi takamaimai?

FOXP3 makunnin gado ne, kuma gadon da ke ƙera shi yana kan kuromozom X, wani ƙunshin DNA da mace ke da biyu, namiji ɗaya. Idan ya kunnu sosai a cikin ƙwayar T mai CD4, yana yin abu biyu. Yana toshe gadon sinadaran zuga, irin su IL-2 da intaferon-gama, ta yadda ƙwayar ba za ta iya hura wutar kumburi ba. Yana kuma ƙarfafa gadon kayan tsawatarwa, musamman CD25 da CTLA-4, waɗanda aka yi bayanin aikinsu a tambaya ta 10.

Akwai wani abu mai ban sha'awa a nan. Treg ba ta iya rayuwa ba tare da IL-2 ba, amma FOXP3 ya hana ta yin nata. Dole ta dogara ga wanda sauran ƙwayoyin T masu faɗa suke fitarwa. Saboda haka duk lokacin da faɗa ya yi zafi, IL-2 ya yawaita, masu tsawatarwa su ma sai su ƙaru. Faɗa ya lafa, su ragu. Ma'aunin yana gyara kansa da kansa.

5. Ta yaya aka gano duk wannan?

Labarin ya faro ne daga wurare biyu da ba su san da juna ba. A Japan, a 1969, Nishizuka da Sakakura sun lura cewa idan aka cire taimos ɗin 'yar ɓera kwana uku da haihuwa, maimakon garkuwarta ta yi rauni kawai, sai kwan mahaifarta ya lalace. Daga baya aka tabbatar garkuwar ce ke cin jikin. A farkon shekarun 1970 Richard Gershon a Amurka ya kawo ra'ayin cewa akwai ƙwayoyin T masu danne sauran, amma a shekarun 1980 fannin ya rushe, domin an kasa ware ƙwayoyin, wasu hujjojin da aka gina a kai kuma suka zube. Masana da yawa suka watse. Sakaguchi bai watse ba. A 1995 ya nuna cewa idan aka ɗebi ƙwayoyin CD4, aka cire masu alamar CD25 daga ciki, aka zuba sauran a jikin ɓeran da ba shi da taimos, sai tumbinsa da wasu gaɓoɓinsa su kumbura. In aka mayar da masu CD25 ɗin, cutar ba ta tashi.

Can kuma a Oak Ridge da ke jihar Tennessee ta Amurka, tun shekarun 1940 aka samu wani jinsin ɓeraye da mazansu ke fitowa da fata mai saɓa, saifa da kaluluwa a kumbure, su mutu cikin 'yan makonni, matan kuwa lafiya lau. An yi shekaru ana kiwonsu ba a san dalili ba. Brunkow da Ramsdell, suna aiki a wani kamfanin haɗa magunguna a jihar Washington, suka ƙuduri aniyar gano gadon da ya lalace, a lokacin da irin wannan aiki yake cin shekaru. Suka taƙaita neman zuwa wani yanki na kuromozom X mai ƙwayoyin gado 20, suka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai a na ƙarshe suka ga ɓarnar. Suka wallafa a 2001, suka ba gadon suna Foxp3. A shekarar ne kuma aka tabbatar cewa lalacewar wannan gado a jikin ɗan Adam ita ke haddasa cutar IPEX (duba tambaya ta 11).

A 2003 aka ɗaure igiyoyin biyu. Ɗakin binciken Sakaguchi, da na Alexander Rudensky, da na Ramsdell, kowanne ya nuna cewa FOXP3 ne ke mayar da ƙwayar T ta zama Treg. In aka cusa gadon a cikin ƙwayar CD4 ta yau da kullum ta ɓera, sai ta fara tsawatarwa.

6. A ina jiki yake samar da Treg?

Mafi yawansu a taimos. A can, ƙwayar T da ta manne wa naman jiki da ƙarfi ƙwarai ana kashe ta, wadda ta manne kaɗan ana sake ta ta zama soja, wasu daga cikin waɗanda ke tsakiya zuwa sama kuma a kunna musu FOXP3. Wato ƙwayar da ta san naman jiki ita ake ba aikin gadinsa.

Kashi na biyu a waje ake yin su, musamman a hanji. Ƙwayar CD4 da ta haɗu da abinci ko bakteriyar hanji cikin kwanciyar hankali, inda akwai sinadarin TGF-beta da wani sinadari da jiki ke samarwa daga bitamin A, tana iya rikiɗewa ta zama Treg. Amma in akwai IL-6 a wurin, alamar kumburi, sai wannan TGF-beta ɗin ya tura ta wata hanyar daban, ta kunna makunnin ROR-gama-t ta zama Th17 mai faɗa. An nuna wannan a 2006.

7. Ke nan FOXP3 shi kaɗai ya isa ya yi Treg?

Bai isa ba, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe a jarrabawa, domin takardun darasi da yawa suna tsayawa a kan cewa shi ne babban makunni, su yi shiru. Hujja ta farko daga jikin mutum take: ƙwayoyin T na ɗan Adam da aka zuga suna kunna FOXP3 na ɗan lokaci ba tare da sun zama masu tsawatarwa ba. Ta biyu, ƙwayoyin da aka tilasta wa kunna shi a kwalabar gwaji da TGF-beta sukan kashe shi bayan wani lokaci, su koma halinsu na dā.

FOXP3 yana aiki ne a cikin tawaga. An ƙirga furotin fiye da 300 da yake haɗuwa da su. Yana riƙe hannun NFAT, makunnin da a ƙwayar faɗa yake haɗuwa da AP-1 ya kunna IL-2. Idan FOXP3 ya zauna a gurbin AP-1, sai wannan NFAT ɗin ya koma toshe IL-2 da kunna CTLA-4. Yana haɗuwa da RUNX1, da Eos wanda ke taimaka masa rufe gadon faɗa. Foxo1 da dangin Nr4a suna share masa hanya, BACH2 kuma yana hana ƙwayar zamewa zuwa halin faɗa. Bincike a 2012 ya ƙara nuna cewa yawancin wuraren da FOXP3 ke zama a kan DNA an riga an buɗe su kafin ya iso.

A ganina, wanda ya fahimci wannan ya fahimci fannin. Ana cewa FOXP3 shugaba ne don in babu shi komai ya wargaje, amma aikin yau da kullum ya rataya ne a kan waɗanda yake tare da su, da kuma yanayin da DNA ɗin take ciki.

8. Me ke sa FOXP3 ya dawwama a kunne idan ƙwayar ta rabu biyu?

A cikin gadon Foxp3 akwai wasu gutsattsarin DNA da ba sa ƙera furotin, aikinsu karɓar makunnai. Ɗakin binciken Rudensky ya bayyana uku daga ciki a 2010. CNS3 yana taimakawa wajen kunnawar farko, ta hannun c-Rel. CNS1 shi ne ƙofar Treg da ake yi a waje, yana karɓar Smad3 mai kawo saƙon TGF-beta. CNS2 kuwa shi ne na dawwama.

A ƙwayar T ta yau da kullum, CNS2 a lulluɓe yake da ƙananan alamomin sinadari da ake kira metil, waɗanda ke hana makunnai zama. A Treg ta gaskiya an share alamomin. Da zarar an share, STAT5 mai kawo saƙon IL-2 da RUNX1 da shi kansa FOXP3 suna iya zama a wurin, kuma 'ya'yan ƙwayar suna gadon wurin a share. Shi ya sa masu bincike in suna son tabbatar da cewa Treg ce ta haƙiƙa, ba ƙwayar da ta ari riga ba, sukan duba metil ɗin CNS2. Ko Treg tana iya sauka daga matsayinta gaba ɗaya? A ɓeraye an ga yawancinsu suna dawwama har tsawon rai, amma an ga wasu kaɗan sun saki FOXP3 a cikin gaɓar da ke kumbure da IL-6 suka koma Th17. Masana suna ci gaba da muhawara kan yawan faruwar hakan.

9. Na karanta cewa Treg tana kunna T-bet da GATA3, alhali na ƙwayoyin faɗa ne. Ba kuskure ba ne?

Ba kuskure ba ne. Ƙwayoyin faɗa masu CD4 sun kasu: Th1 da T-bet ke jagoranta, masu yaƙar cututtukan da ke ɓuya cikin ƙwayar halitta kamar tarin fuka, Th2 da GATA3 da IRF4, masu yaƙar tsutsa, Th17 da ROR-gama-t da STAT3, masu yaƙar funfuna da wasu bakteriya. Don Treg ta tsawata wa kowane rukuni, sai ta ari ɗan makunninsa. Treg mai T-bet tana fitar da maƙallin CXCR3, wanda ke kai ta daidai inda Th1 suka taru. A 2009 aka nuna cewa in aka cire IRF4 daga Treg kaɗai, faɗan Th2 ne ke ƙwacewa. In STAT3 aka cire, na Th17 ne, ɓeran ya kamu da kumburin hanji. Masu Bcl6 kuma suna shiga cikin kaluluwa inda ake horar da ƙwayoyin B, su sa ido kan sinadaran kariyar da ake ƙerawa.

Haka abin yake a gaɓoɓi. Treg da ke zaune cikin kitsen ciki suna dogara ga PPAR-gama, makunnin da aka fi sani da aikin ƙwayoyin kitse. Na cikin tsoka suna fitar da sinadarin da ke taimakon warkewar rauni.

10. Ta wace hanya suke tsawatarwar?

Hanyoyi huɗu aka fi nazari. Da CD25 suna zuƙe IL-2 da ke kewaye, su bar ƙwayoyin faɗa da yunwa. Da CTLA-4 suna manne wa ƙwayoyin da ke nuna wa soja abokin gaba, su fizge musu CD80 da CD86, alamomin da ƙwayar T ke buƙata kafin ta tashi. Suna fitar da sinadaran kwantarwa, IL-10 da TGF-beta da IL-35. Da CD39 da CD73 kuma suna mayar da ATP, sinadarin kuzari, da ya zubo daga ƙwayoyin da suka ji rauni ya zama adenosin, wanda ke sanyaya kumburi.

11. Yaya yaron da aka haifa da lalataccen FOXP3 yake kasancewa?

Cutar ana kiranta IPEX, an fara bayyana ta a 1982, kuma ba ta da yawa ko kaɗan. Kusan kullum ɗa namiji take kamawa. A watannin farko sai a ga gudawa kamar ruwa wadda ba ta jin magani, ko an canza madara ko an tsaya a nono. Jariri ya ƙi ƙiba, haƙarƙarinsa a waje. Fata ta yi ja tana saɓa tana ƙaiƙayi. A auna suga a same shi sama a jaririn da bai kai wata shida ba. Wasu kuma jininsu ke ƙarewa ko ƙodarsu ta taɓu. In ba a yi magani ba, yawancin masu nau'i mai tsanani ba sa wuce shekara biyu. Ana danne garkuwar da magunguna irin su tacrolimus da sirolimus, amma dashen ɓargo ne ke iya warkarwa.

Kada uwa ta karanta wannan ta firgita. A Kebbi, gudawar jarirai kusan duka daga ruwa marar tsabta, ƙwayoyin cuta da tamowa take, kuma maganinta ruwan gishiri da suga, zinki da zuwa asibiti da wuri. Abin da ya kamata ya ja hankalin ma'aikacin lafiya shi ne haɗuwar alamomin uku a jariri namiji, musamman in aka ji cewa 'yan uwan uwar maza ko 'ya'yan 'yan uwanta mata sun rasu suna jarirai da irin wannan. Irin wannan yaro likitan yara a babban asibitin koyarwa yake buƙata, a Birnin Kebbi ko Sakkwato.

12. Auren zumunci ne ke jawo ta?

IPEX dai ba ruwanta da auren zumunci. Gadon yana kan X, uwa tana da biyu, in ɗaya ya lalace ɗayan yana rufa mata asiri, ta zauna lafiya ba tare da ta sani ba. Kowane ɗa namiji da ta haifa yana da rabin damar karɓar lalataccen, ko wa ta aura. Ba laifinta ba ne, kuma ba abin da ta ci ko ta yi da ciki ne ya jawo ba.

Amma akwai cututtuka masu kama da ita da sai yaro ya gaji ɓarna daga uwa da uba duka, kamar rashin CD25 da rashin LRBA, furotin da ke kare CTLA-4 daga lalacewa. Waɗannan suna kama mace da namiji, kuma an fi ganinsu inda iyaye 'yan uwa ne. Saboda haka idan likita ya tambayi dangantakar Malam da maiɗakinsa, a faɗa masa gaskiya; tambayar tana nuna masa inda zai duba.

13. Gaskiya ne Fulani sun fi jure maleriya saboda Treg?

Akwai bincike a kan haka, amma a riƙe shi da iyakarsa. A 1996 David Modiano da abokan aikinsa sun kwatanta Fulani da Mossi da Rimaibe da ke zaune a ƙauyuka maƙwabta a Burkina Faso, sauro ɗaya ke cizonsu. Fulanin suna da ƙarancin ƙwayar maleriya a jini, ba sa yawan kwanciya, sinadaran kariyarsu kuma sun fi yawa. An ga makamancin haka a Mali tsakanin Fulani da Dogon. A 2008 wani bincike ya gano cewa gadon FOXP3 da CTLA-4 da TGF-beta ba su kunnu sosai a ƙwayoyin Fulanin Burkina Faso kamar na Mossi ba, wato tsawatarwar ta fi sassauci, garkuwa ta fi sakin jiki ta yi faɗa. Ya dace da abin da aka gani a 2005 a jikin masu sa kai da aka sa wa maleriya da gangan: waɗanda Treg ɗinsu suka tashi da wuri, ƙwayar cutar ta fi saurin yaɗuwa a jininsu.

Wannan ɗaya ne daga cikin bayanan da ake bayarwa, ba shi kaɗai ba. Kuma ƙarancin kamuwa ba rashin kamuwa ba ne. Yaron ruga a Bagudo ko Dakingari yana buƙatar gidan sauro da maganin rigakafin damina kamar kowane yaro. Treg ɗin ma ba abokan gaba ba ne a maleriya, domin yawancin ɓarnar nau'i mai tsanani daga kumburin da ya wuce kima take fitowa.

14. Tsargiya da tsutsar ciki fa?

Tsutsotsin da ke daɗewa a jiki sun ƙware wajen tayar da Treg da IL-10, don garkuwa ta ƙyale su. Tsutsar tsargiya, wadda yaran bakin kogi a Yawuri da Argungu ke ɗauka wajen wanka da kamun kifi, tana iya shekaru a jijiyoyin mafitsara ta wannan dabara. An lura masu ɗauke da tsutsa sukan nuna ƙarancin borin jini a gwajin fata, kuma wani lokaci jikinsu ba ya karɓar allurar rigakafi da ƙarfi. Wannan bai zama dalilin barin tsutsa ba. Tsargiya tana jawo fitsarin jini, ƙarancin jini, lalacewar ƙoda, har da dajin mafitsara. Yaro ya sha praziquantel ɗinsa idan aka zo rabo a makaranta.

15. Me ya haɗa Treg da ciwon daji?

Ƙari yana jawo Treg su taru a cikinsa, su hana ƙwayoyin CD8 kashe shi. A nau'o'in daji da yawa, irin su na kwan mahaifa, yawan Treg a cikin ƙari alama ce marar kyau, ko da yake a dajin babban hanji an sha samun akasin haka. Maganin ipilimumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 2011 don dajin fata, CTLA-4 yake toshewa. Aikin James Allison a kan wannan, tare da na Tasuku Honjo a kan PD-1, wani birkin ƙwayoyin T, shi ya ci Nobel ta 2018. Illolin irin waɗannan magunguna kuwa su ne gudawa daga kumburin hanji, ƙuraje, da kumburin gaɓoɓin da ke yin sinadaran jiki, kusan irin abin da aka lissafa a tambaya ta 11. Burin masu bincike yanzu shi ne a kawar da Treg na cikin ƙari kaɗai, a bar na sauran jiki.

16. Gwajin CD4 da ake yi wa masu cutar ƙanjamau yana nuna yawan Treg?

A'a. Yana ƙirga duk masu CD4 ne a dunƙule. Don a ware Treg ana buƙatar na'urar da ke wuce da ƙwayoyi ɗaya-ɗaya ta gaban hasken leza tana karanta launuka da yawa. Ana fara rina bayan ƙwayoyin da sinadarai masu ƙyalli da ke kama CD4 da CD25 da CD127. Da yake FOXP3 a cikin cibiya yake, sai an sandarar da ƙwayar, an huda bangonta da wani ruwa, a wanke, sannan a zuba mai kama FOXP3, a ajiye a duhu kafin a karanta. A kan allon kwamfuta za ka ga ɗigo dubbai, Treg su tattaru a kusurwa ɗaya: CD25 sama, CD127 ƙasa, FOXP3 a kunne. Ƙwayar da aka huda ta mutu, shi ya sa in ana son masu rai don magani, da CD25 da CD127 kaɗai ake zaɓe.

Wannan gwajin bincike ne. Mai lufus ko amosanin gaɓoɓi ba ya buƙatarsa don a gane cutarsa ko a ba shi magani, kuma saboda dalilin da ke tambaya ta 7, adadin masu FOXP3 a jinin mai zazzaɓi ko kumburi yana iya yaudara.

17. Akwai abinci ko maganin gargajiya da ke gyara wannan ma'auni?

Abin da aka tabbatar, mafi yawa a ɓeraye, shi ne wannan: bakteriyar hanji suna cin ɓangaren abincin da hanjinmu bai narkar ba, su fitar da wasu sinadarai, musamman butiret, wanda a 2013 aka nuna yana taimakon kunna Foxp3 a hanji ta ƙofar CNS1. Irin wannan abinci shi ne wake, gero da dawar da ba a surfe ƙwarai ba, zogale, rama, kuka, kuɓewa. Bitamin A ma yana da hannu (tambaya ta 6), ana samunsa a manja, hanta, karas da mangwaro. Abinci ne mai kyau ko da babu labarin Treg, amma ba ya warkar da lufus.

Mai lasifika a kasuwa da ke tallar kwalba ɗaya mai ƙara garkuwa, ta warkar da suga da sanyi da daji, bai san cewa mai cutar da garkuwa ta juya masa ƙarin ƙarfi ne abu na ƙarshe da yake buƙata ba. Wanda ya fi damuna shi ne ƙwayar sha-ka-fashe da 'yan mata ke saye don ƙiba, wadda galibi dexamethasone ce. Tana danne garkuwa gaba ɗaya, mai faɗa da mai tsawatarwa, tana tayar da suga da hawan jini, ta ba tarin fukan da ke kwance damar tashi. Wanda ya daɗe yana sha kuma bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, sai likita ya rage masa a hankali.

18. Yaushe wannan ilimi zai zama magani a asibiti?

Wani ɓangare ya riga ya shiga. Likitocin dashen ƙoda sun san cewa tacrolimus da cyclosporine suna toshe hanyar NFAT su rage IL-2, don haka suna taɓa Treg ma, alhali sirolimus ya fi ƙyale su. Abatacept, wanda aka ƙera daga CTLA-4, ana ba masu amosanin gaɓoɓi, kuma yana taimakon masu rashin LRBA da aka ambata a tambaya ta 12.

Sauran suna matakin gwaji. Tun 2011 ake gwada IL-2 ɗan kaɗan, wanda Treg ke riga kowa zuƙewa saboda yawan CD25 ɗinsu. An fara da waɗanda ɓargon da aka dasa musu ya juya wa jikinsu, daga baya aka gwada a lufus. Ana kuma ɗibar Treg ɗin majinyaci, a hayayyafa su a ɗakin gwaji, a mayar masa. Wani gwaji a kan masu dashen ƙoda a Turai da Amurka, da aka wallafa a 2020, ya nuna hanyar ba ta da haɗari sosai, kuma waɗanda aka yi wa sun fi ƙarancin kamuwa da cututtuka. Akwai masu ƙara wa Treg maƙalli na musamman don ta nufi gaɓar da aka dasa kai tsaye, da masu ƙoƙarin sa lafiyayyen FOXP3 a ƙwayoyin masu IPEX. Babbar matsalar duka ita ce ta tambaya ta 8: a tabbatar ƙwayar da aka zuba ba za ta saki FOXP3 ta koma faɗa ba. Mai lufus ko suga nau'i na 1 a Zuru ko Kamba ya ci gaba da hydroxychloroquine ɗinsa ko insulin ɗinsa yadda likita ya rubuta, kuma duk wanda ya ce zai yi masa allurar Treg a wani shago yau, kuɗinsa yake so.